Saƙon Zongo Zuwa Dapaong

A shekarun da ake ta yajin aiki da zanga-zanga, rediyo ba ya mutuwa a gidanmu na Didaure, Zongon Sokode. 'Yan majalisa sun sako shugabannin soja gaba da tambaya: ina ake tura sojoji, kuma wa za su fuskanta? Faransancina na kasuwa ne, amma wannan kam na gane shi sarai, domin tambayar da ke cina ke nan.

Maigidana tsohon soja ne, kowa Kofur yake ce masa, ko da yake ya daɗe da komawa ɗinki. Sai aka ce za a sake tsara tsofaffin sojojin da aka sallama, kowa ya je inda ya yi aiki na ƙarshe a duba shi. Nasa Dapaong ne, can arewa. Babban ɗanmu kuwa kullum yana titi cikin masu zanga-zanga. Tsorona ɗaya ne: a miƙa wa uban bindiga a ce ya tare titin da ɗansa yake.

Na zaunar da shi na yi masa irin ta 'yan majalisa.

"Maigida, ina za a kai ku daga can?"

"Soja ba ya tambaya, Uwargida."

"To matar soja tana yi."

Ya ci gaba da goge takalminsa kamar ba da shi nake ba. Raina ya ɓaci, na yafa mayafi na fita. Ban yi kuka ba, ban kai ƙara wurin malamai ba. Gida-gida na bi har unguwar Koma, ina gaisuwa, ina cewa Kofur zai yi arewa, ko akwai saƙo?

Wanda ya san Zongo ya san abin da na yi. A wurinmu matafiyi ba ya ƙin saƙo, kuma hannu da hannu ake bayarwa, ba a bar wa yaron mota, don haka kowane saƙo jinkiri ne a hanya. Kafin ya tashi, zaurenmu ya cika da huhun goro, doya, kan keken ɗinki, har da wata tsohuwa da za a sauke wurin jikokinta a Mango. Na ce dole in bi shi, wa zai kula da tsohuwa?

Kamiyon wani ɗan Nijar, babbar motar kaya, muka hau. A Bafilo muka sauka ba da goro, aka ce sai mun ci tuwo. A Kante muka tarar da suna, aka riƙe mu. Kofur yana ta duba agogo yana tsaki, ni kuwa ina cin naman suna hankalina kwance. A Mango jikokin tsohuwa suka yanka zabi, suka kawo kifin kogin Oti, suka rantse ba mai fita da yunwa.

A nan ne na ji abin da ya ba ni mamaki. Ina bayan zana ina wanke hannu, sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana ce wa mai masaukinmu, "Alhaji, ba ku da wani saƙo na ƙauyukan bayan hanya? Ko mai nisa ne, kawo."

Na toshe baki da mayafi don kada dariya ta tona ni. Aka kuwa ba shi buhun gishiri na wani ƙauye da mota ba ta shiga sai an tura.

Da muka isa Dapaong, ƙofar bariki ba kowa sai mai gadi. Ya ce an dakatar da taron, majalisa ta ce sai an yi mata bayani tukuna, waɗanda suka zo sun koma gida. Kofur ya ƙame ya sara masa, ya yi ta faɗan an ɓata masa lokaci, har mai gadin ya ba shi haƙuri.

Muka sami inuwa muka zauna, ya sayo mana ruwan sanyi. Na ce, "Maigida, na ji ka a Mango fa."

Ya kurɓi ruwan. Sannan ya ce, "An kira ni, ba zan ce ban zuwa ba. Amma yaron nan ni na yi masa huɗuba a kunne. Da wane hannu zan ɗaga masa bindiga?"

Dariyar da na tanada tun daga Mango ta ƙi fitowa, sai hawaye.