Gyaɗar Malama Keziah

Shekara tara Malama Keziah, 'yar Baƙo manomin gyaɗa, ta yi tana koyar da kemistiri a sakandaren ƙauyenmu da ke kusa da Watari. Ba ɗakin gwaji, ba ko kwalba ɗaya. Rumbun mahaifinta ne kayan aikinta. Takan shigo aji da ƙwarya biyu na gyaɗa mai ɓawo, ɗaya fara, ɗaya ja.

"Iskar haidurojin da ta oksijin ba sa yawo ɗai-ɗai," takan ce. "Bibbiyu suke, kamar ƙwayar gyaɗa a ɓawo. Fara haidurojin, ja oksijin. Ruwa yana son fara biyu da ja ɗaya. Ku ɗibi ɓawo yadda kuke so, amma kada ƙwaya ta yi saura."

Sai mu yi ta ɓarewa har mu gano da kanmu: ɓawo biyu na fara, ɗaya na ja, ruwa biyu cif. Har ni da lissafi ke sa wa ciwon kai na iya.

Wata Talata wani mai duba makarantu ya zo daga birni, yana ta ɗaga hanci. Ya ga ɓawo a ƙasa.

"Wannan aji ne ko kasuwa?"

Yana zazzaga faɗa, hannunsa na kan teburina. Ya tsinci jar ƙwaya ɗaya ya jefa a baki, ko sanin ya yi bai yi ba. Sannan ya dubi lissafin da ke kan allo, ya nuna ni.

"Ke, daidaita mini mu gani."

Na ƙirga: fara huɗu, ja ɗaya.

"Yallaɓai, ba za ta daidaitu ba. Ka cinye oksijin."

Aji ya tuntsure da dariya. Malama ba ta yi ba, haƙuri ta yi ta ba shi.

Bayan sati biyu takardar sallama ta iso. Wai laifinta kawo abinci aji. Abinci! Mutumin da bai tsaya ya tambayi me ake yi ba, shi ya ci, shi ya rubuta. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Na je gidansu ina kuka, na tarar da ita tana ɓarar gyaɗar iri. Na durƙusa na ce bakina ne ya jawo mata.

"Tashi, Rumaisa," in ji ta. "Ƙirgarki daidai ce."

Shi dai mai duba makarantun na ji an ƙara masa girma. Makarantarmu kuwa, shekara shida ke nan ba a turo mata malamin kemistiri ba.