Inda Sanyi Ya Ɓoye Gulbinmu

Shekarar da anka datse gulbi a Bakolori, ruwa bai leƙo fadamarmu ba. Mu mutanen Dakko, nan ƙasar Bakura, mun saba duk damina gulbi ya cika ya malalo cikin gonaki, in ya janye mu bi sawunsa da shuka. Wannan karon munka yi ta jira har ƙasa ta tsattsage kamar diddigen tsoho. Baba ya ce shi kam ya gama, zai kwashe mu mu koma kudu wurin wani ɗan'uwansa mai fataucin shanu. Har an fara ɗaure kaya.

Kakata Inna Kulu, mahaifiyarsa, ita ke yi muna tatsuniya. Da an idar da sallar isha'i muke taruwa ɗakinta, ga kaskon wuta, ga dankali cikin toka. Baba bai taɓa zama wurin tatsuniya ba, amma ran nan ya shigo ɗibar garwashi, sai ta ce, "Tsaya nan bakin ƙofa, Mamman, ka tare muna iska." Ta dube ni: "Kai kuma mijina raggo, matso da kunnuwan nan naka masu kama da faifai. Ga baƙuwa tatsuniya ta iso, wa ka ba ta tabarma?" Munka ce, "Ta zauna nan tsakiyarmu!"

Wai a zamanin da duwatsu ke da taushi, Sanyi ya zo aron ruwa wurin Gulbi, ya ce gobe zai maido. Ya kwashe shi kaf, ya kai can ƙarshen arewa, ya daskarar da shi ya zama ƙanƙara, ya yi ta jibgawa har ta fi dutsen Kwatarkwashi tsawo. Gulbi ya bushe, rairayi ya taso ya cinye gonaki, mutane sunka watse. Sai wata tsohuwa mai taurin kai ta ƙi tashi. Ta je tsakiyar busasshen gulbi ta tona, ta tarar da gaiwa, kifin nan da ke shigewa cikin laka ya yi barci har damina ta dawo. Tsohuwa ta ce, "Ke ba ki gudu ba?" Gaiwa ta buɗe ido ɗaya ta ce, "In je ina? Ruwan da ke bisa Sanyi ya ɗauka, na ƙasa bai gani ba. Tona gaba kaɗan, ki bar ni in yi barcina." Ta tona, ruwa ya ɓulɓulo. Da shi ta rayu, ita da jikokin jikokinta, har Rana ta gaji da rainin Sanyi ta narke masa taskarsa. Da ruwa ya dawo gida, su ya tarar sun riƙe masa wuri.

"Na sauke ta nan," in ji Inna Kulu, "mai so shi ɗauka."

Baba ya ce, "Inna, wagga tatsuniya yaushe anka haife ta? Ban taɓa jin ta ba."

"Kai da kake barci tun ba a kai rabi ba, mi ka taɓa ji?"

Garwashin da ya ɗiba ya mutu a hannunsa, bai ma lura ba. Da gari ya waye sai munka gan shi da galma da kwando ya nufi fadama. Kwana da kwanaki yana haƙa, maƙwabta na wucewa suna yi masa sannu irin ta tausayi. Ranar da laka ta fito, sannan ruwa ya biyo ta, ihun da ya yi sai da ya tayar da balbelun da ke kan marke. Ya kafa jigon ɗibar ruwa, munka shuka albasa. Inna Kulu ta iso da sandarta, ta leƙa ramin ta ce, "Ka gaishe min da gaiwa." A daren nan anka kwance kayan da anka ɗaure.

Na girma, fataucin fata ya yi ta yawo da ni, har ya kai ni wata ƙasar Turai. Abokin cinikina ya hau da ni kan duwatsunsu, sai ga ƙanƙara shimfiɗe tsakanin tsaunuka, iya ganinka. Ya ce wannan ragowa ce kawai. A can da, ta taɓa rufe ƙasashe da dama, kuma masana sun ce a lokacin ƙasarmu bushewa ta yi, rairayi ya gangaro kudu, sai da ƙanƙarar ta narke damina ta dawo da ƙarfinta. Na fashe da dariya har mutumin ya tsorata.

Ban san inda Inna Kulu ta samo labarin ba. Na fi zaton a daren ta ƙirƙire shi don ɗanta da ke tsaye bakin ƙofa. Amma duniya ta sha bushewa ta jiƙe tun kafin mu, kuma kullum akwai wanda ya tsaya ya tona. Rijiyar Baba tana nan, ƙanena ke noman albasa a gefenta.

Na duƙa na ɓallo ɗan guntun ƙanƙarar, na jefa a baki kamar yadda muke yi muna yara in an yi ruwan ƙanƙara. Na ce, "Gulbi, ashe nan Sanyi ya ɓoye ka. To, mutanen Dakko na gaishe ka, ba mu tashi ba."