Minti Uku na Muryar Baba Tsoho

Wata Laraba ce a watan Yuli, shekarar da nake aji biyu a ƙaramar sakandare. Ni da ƙawata Kachollom muna matse a kan kujerar roba guda ɗaya a wani shagon intanet da ke Gada Biyu, kayan makarantarmu sun jiƙe sharkaf. Ruwan sama yana dukan kwanon rufin shagon har ba ma jin maganar juna. A gabanmu wani siririn layi kore yana rarrafe a fuskar kwamfuta, yana nuna yadda aikinmu ke hawa intanet. Mun fi minti arba'in muna zuba masa ido. Saura ƙiris ya kai ƙarshe aka ɗauke wuta. Mai shagon ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce, "Babu mai a janareta, ku dawo gobe." Kachollom ta kifa kanta a kan tebur. Ni ko kuka ban iya yi ba, don karo na uku ke nan a mako ɗaya, kuma gajiyar ta riga ta wuce ta hawaye.

Malaminmu na kwamfuta, Mista Dalyop, shi ya jawo mana wannan aiki. Mutum ne mai son koyarwa, amma makarantarmu kwamfuta huɗu take da su, biyu kawai ke tashi, saboda haka yawancin darasinsa a allo yake zana mana shi da alli. Wata rana ya dawo daga wani taron bita yana ta murna. Ya ce akwai shafuka a intanet da ɗalibi zai haɗa hotuna da murya da rubutu ya fitar da ɗan bidiyo nasa na kansa. "Kyauta ne, ko sisi ba za ku biya ba," in ji shi. Ya raba mu biyu-biyu, ya ce kowa ya nemo wani abu daga unguwarsu ya ba da labarinsa kafin ƙarshen zango.

Gidanmu a Ali Kazaure yake, gidan su Kachollom a Gada Biyu, kuma a waɗancan shekarun na rikici a garin Jos ba kowa ke sakin jiki ya shiga unguwar wani ba. Shagon intanet na layinmu kullum cike yake da samari masu wasan ƙwallo a kwamfuta, ba wurin da yarinya za ta zauna ba ne. Na Gada Biyu kuwa yana dab da rumfar maman Kachollom, inda take sayar da dankalin turawa da kabeji da karas. Sai da na yi kwana biyu ina roƙon Mama kafin ta yarda, da sharaɗin kiran sallar la'asar ya same ni a gida. Maman Kachollom takan hango ni daga nesa ta ɗaga hannu ta ce, "Rukayya, zo ka ci gwate tukuna, ka ga yadda sanyi ya kama ka." Tun ina dariyar Hausarta a ɓoye har na daina ji.

Kachollom ce ta kawo shawarar mu yi a kan kakana, wanda duk gida muke kira Baba Tsoho. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu ya hau dutsen Jos neman aikin kuza, bai sake komawa ba. Ni dai a zaune na san shi. Da safe in ina sharar tsakar gida ko ina jan ruwa a rijiya, sai in gan shi ya jawo kujerarsa zuwa inda rana ta fara sauka, ya rufe gwiwoyinsa da bargo. In mun zana gidan 'yar gala-gala a gabansa sai dai ya janye ƙafa ya ba mu wuri. In na dawo daga kai niƙa ya tambaye ni ko layi ya yi tsawo, shi ke nan hirar ta ƙare. Ban taɓa zaton akwai wani labari a cikinsa ba. Kachollom ta ce kakarta ma ta ɗauki ƙasar kuza a ka tana budurwa, amma ta rasu ba wanda ya tambaye ta komai.

Ranar Asabar da hantsi na ari wayar Yaya Sani, wana, wanda ke ɗinki a kasuwa. Kachollom ta zo gidanmu, muka ajiye wayar a kan kujerar tsugunne a gaban Baba Tsoho. Da farko ya ƙi, ya ce me zai gaya wa ƙarfe. Sai Kachollom ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi sunan ƙauyen kakarta. Ya ɗago kai ya dube ta, ya ce ya san wurin, a can ya fara riƙe diga. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin sanyin da ya tarar, wanda ya sa tafin hannunsa ya tsage. Ya faɗi yadda maza ke sara, mata na kwasa a kwano suna hawa da shi, yadda ake wanke ƙasa har baƙin kuza ya kwanta a ƙasan ruwa. Ya rera mana waƙar da suke yi in za su ɗaga diga tare, da wata murya da ban taɓa jin ya yi amfani da ita ba. Mama tana wanki, ta tsaya da kumfa a hannu. Can sai ya ambaci wani Garba, abokinsa da suka taso ƙauye ɗaya, wanda gefen rami ya rufto masa da rana tsaka, suka tona da hannu har magariba. Sannan ya ce, "Har yau ban je na gaya wa uwarsa ba. Na kasa." Mama ta gaya mini daga baya ita ma ranar ta fara jin sunan Garba. Mun ɗauki kusan awa guda.

Hotuna ba su ba mu wuya ba. Mun ɗauki hannayensa, mun ɗauki wani tsohon kan diga da ya yi tsatsa a bayan ɗakin ajiya, Yaya Sani kuma ya kai mu bayan gari muka ɗauki wani kududdufin da haƙar kuza ta bari, ruwansa kore shar, ba motsi. Wahalar tana shagon intanet. Sai da muka buɗe shafin, muka yi rajista, muka zaɓi kalmar sirri, sannan muka gane kyautar tana da iyaka: minti uku kacal. Wanda ke son fiye da haka sai ya biya da katin banki, mu kuwa ko ganin irin katin ba mu taɓa yi ba. Muka zauna da abin sauraro guda ɗaya, kunne ɗaya nawa, ɗaya nata, muna yanka muryar Baba Tsoho. Mista Dalyop ya ce yana son bayani mai amfani, saboda haka muka bar sunayen kayan aiki da yadda ake wanke kuza. Muka cire waƙar don ta yi tsawo. Muka cire Garba don Kachollom ta ce 'yan aji za su yi surutu a kai, ni ma na ga haka ne. Layi ɗaya na waƙar kawai muka bari a ƙarshe.

A karo na huɗu aikin ya hau. Na dawo gida ƙafafuna duk taɓo, ga wanke-wanke yana jirana. Da yamma Yaya Sani ya ce wayarsa ta cika, yana son ɗaukar hotunan ɗinki, ko na gama da maganar Baba Tsoho? Ina durƙushe ina cuɗa tukunya na ce masa na gama, ai yana intanet. Ko ɗago kai ban yi ba. Ya goge.

Ranar nuna aiki babu wuta a makaranta. Mista Dalyop ya kalli na kowa shi kaɗai a gida, ya dawo ya ce namu ya fi kyau, aka tafa mana. Baba Tsoho ya tambaye ni sau biyu ko zai ji kansa. Na ce sai an je shago, zan kai shi in an yi hutu. Hutu ya zo da aikin gida da islamiyya, zuwa Gada Biyu da tsoho mai ciwon gwiwa kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ya daina tambaya. Da damina ta zagayo ya kwanta ciwo na mako biyu, Allah Ya yi masa rasuwa.

Bayan an share makoki na je na sami Kachollom, muka koma shagon. Ina so in ji shi ko da na minti ukun nan ne. Muka rubuta adireshin shafin, sai ga wani farin shafi da gajeren rubutun Turanci: sun gode wa masu amfani da su, sun rufe. Kachollom ta sake rubutawa, ta sake, ko mun yi kuskuren harafi. Na tambayi mai shagon ko cikakkiyar muryar da muka zuba a kwamfutarsa tana nan. Ya ce tuni ya wanke kwamfutocin gaba ɗaya saboda sun kamu da cuta. Muka fito muka zauna a rumfar mamanta. Maman ta zuba mini abinci, ban iya ci ba, ba ta kuma matsa mini ba. Shekara biyu bayan haka su Kachollom suka tashi zuwa wata unguwa. Yanzu sai gaisuwar waya lokaci-lokaci.

Yau ni ce ke koyar da kwamfuta a wata makaranta kusa da Tina Junction. Ɗalibaina suna haɗa irin wannan aiki a waya kafin a dawo daga hutun tara, da kiɗa da rubutu mai yawo, wasu ma na'ura ce ke karanta musu bayanin. Shafukan kyauta sun yi yawa har na gaji da koyon sababbi. Kowane zango wani ya fito, wani ya ɓace, wani ya fara neman kuɗi. Ina koya musu duka, don aikina ne, kuma suna da amfani. Amma ba na karɓar aikin kowa sai ya nuna mini ainihin abin da ya ɗauka, wanda ba a yanka ba, a ajiye wuri biyu. Suna ganin fitina ce. "Anti, ai yana intanet," haka suke ce mini, ni kuma ba kullum nake da ƙarfin yi musu bayani ba.

Kwanaki na tambayi Mama yadda muryar Baba Tsoho take. Ta ce kakkaura ce. Yaya Sani ya ce a'a, siririya ce mai ɗan rawa. Na zauna ina neman ta a kaina don in raba musu gardama, ban same ta ba. Duk abin da ya faɗa a ranar nan ina riƙe da shi, amma yanzu da muryata nake jin sa.