Linda Ba Ta Ƙirga Ɗan Fari

Bazara ce, irin wadda ruwan randa kansa yake yin ɗumi kafin azahar. Shekarar ma ta zo da zafinta daban: mai ya tashi, kuɗin keke daga Yerimaram zuwa kasuwa ya ninka, awarar da nake soyawa a ƙofar gida kuwa sai a tsaya a gaishe ta a wuce. A cikin wannan hali na shiga aikin safiyo, kuma ranar da aka kore ni daga zama mutum ba za ta fita daga raina ba. Tunda kun dame ni da tambaya, ku 'yan matan da kuke son shiga, ku gyara zama.

Safiyo ba asuba ba ce, kamar yadda na ɗauka da farko. Tambayoyi ne da kamfanonin Turai suke zubawa a waya, ka amsa, su ba ka maki. In makin ya kai wani mataki sai a mai da shi kuɗi. Matsalar ita ce ra'ayin mutumin Potiskum ba ya tsada a wurinsu. Da ka ce daga nan kake, sai su yi maka godiya su rufe ƙofa. Don haka Modu, wani yaro ɗan Yindiski da ya kama shago ya sa fanka ɗaya ya ce a riƙa kiransa Manaja, ya nemo dabara. Akwai abin da yake sakawa a waya, sai ta rantse wa Turawa cewa a ƙasarsu take.

Ofis ɗin da muƙamai. Manaja a sama, shi kaɗai fanka take kallo. Sai sufabaiza, Rifkatu, wadda ta yi sakandare, ita ke yi wa kowa rajista. Sai mu, da ake kira Turawa. Ni karatun yaƙi da jahilci na yi, amma waya tana juya Turancin zuwa Hausa, Hausar da ban taɓa jin wani mai rai ya yi ba, ina dai lallaɓawa.

Ranar farko Manaja ya miƙo mini waya ya ce, "Maman Hauwa, daga yau sunanki Linda. Kina da mota, kina da kare, kina tsoron ƙiba."

Na ce, "Ɗan nan, karen fa? A waje yake kwana ko?"

"A gadonki yake kwana, Mama."

Na yi a'uziyya na karɓi wayar.

Da aka zo wajen 'ya'ya, Rifkatu ba ta tambaye ni ba, don maƙwabciyata ce, ta san gidana. Ta ce gara a ba Linda 'ya'yana, don kada in manta. Ta rubuta uku.

Yarjejeniyarmu ita ce, duk ranar da makin Linda ya kai matakin cirewa, Manaja ya ɗauki kuɗin, ni kuma wayar ta zama tawa. Wayar nake so. Yayan su Hauwa ya bi tirelar shanu zuwa Legas, ya zauna can. A ƙaramar wayata murya kawai nake ji, murya kuwa ba ta nuna rama.

Na riƙe Linda da amana. Gumi yana bin bayana ina gaya wa Turawa irin shebur ɗin da na fi so wajen kwashe ƙanƙara a ƙofar gida. Na zaɓa wa kare abinci mai ɗanɗanon kifi a ranar da miyar gidana ba ta ga kifi ba. Sun tambaye ni me nake yi in wuta ta ɗauke, Rifkatu ta ce in danna "ba ta taɓa ɗaukewa ba". Na danna, a daidai lokacin fankar Manaja ta tsaya. Duk wannan suka karɓa, har suna aiko mini da taurari. Manaja ya fara nuna ni ga sababbi yana cewa, "Ku koyi aiki wurin Mama. Ita in ta yi ƙarya ko ƙifta ido ba ta yi."

Saura kaɗan makin ya cika sai ga wata safiyo babba, daga masu sayar da katin gaisuwa. Turawa ashe suna da ranar da ɗa yake saya wa uwarsa takarda mai fure. Rifkatu ta fita sayen ƙanƙara, Manaja yana waya a waje. Na ce bari in ƙarasa da kaina.

Tambaya ta farko: 'ya'yanki nawa? Hannuna ya danna biyu. Ban yi tunani ba. Haka nake amsawa tun da na fara tara 'ya'ya, haka innata take amsawa. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ƙirga har da na fari, kamar tana lissafin awaki?

Ta biyu ta fi muni. Wai in rubuta abin da na fi ƙauna game da babban ɗana, da sunan da nake kiransa in ina lallaɓa shi. Na ji fuskata ta ɗau zafi. Na waiwaya ko wani yana kallo. Sannan na rubuta musu cikin ladabi, "Ba a tambayar wannan." Waya ta juya, na tura.

Allon ya yi fari, sai jan rubutu ya fito. Rifkatu ta shigo da ledar ƙanƙara, ta karanta, ta dafe kai.

"Mama, me kika yi? Uku na sa miki! Ina kika kai Usman?"

Na ce, "Ke, rufa mini baki. Yana nan inda yake."

Manaja ya faɗo ciki. "An rufe Linda? Linda tawa?" Ya karɓi wayar yana karantawa da ƙarfi, yana fassarawa. Wai amsoshina sun saɓa wa juna, kuma ba su yi kama da na uwa ba. Wai sun gano cewa ni ba mutum ba ce, na'ura ce. An kwashe makin duka.

"Mama, kunyar ɗan fari? A Turai? Linda sumbatar ɗanta take yi a tasha!"

Na ce, "To ai ka ga tarbiyyar da ta sa take kwana da kare."

Rifkatu ta fashe da dariya har ƙanƙarar ta zube. Manaja bai yi ba. Ya yi ta zagaya shagon yana cewa na kashe masa Baturiya mafi tsada. Da ya huce sai ya ce in je da wayar gida in yi tunani, gobe zai mai da ni Mista Robat, gwauro, ba ɗa ba jika, karnuka biyu. Maki kuma daga farko.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, 'yan mata. Mutanen can suna biyan kuɗi don su san zuciyar mutane, mu muna sayar musu da zuciyar da babu ita, kowa yana murna. Na yi musu ƙaryar mota, ta ƙanƙara, ta kare, suka ce ni cikakkiyar mace ce. Sau ɗaya na amsa yadda uwata ta koya mini, suka ce ƙarfe ce ni.

Washegari da safe na jiƙa waken suya. Sannan na sa Hauwa ta danna mini kiran da ake ganin fuska, da datar Manaja. Yayan nata ya ɗauka a cikin hayaniyar kara, kasuwar dabbobi, shanu a bayansa. Ya rame kaɗan, ya tara gemu.

"Inna? Ke ce? Ina kika samu babbar waya?"

Na kau da kai, ina kallonsa ta gefen ido. Na ce, "Kai, ana dai cin abinci ko?"

"Ana ci, Inna."

Na ce to, ga ƙanwarka. Na bar su suna surutu har datar ta ƙare ƙaf. Na goge wayar da bakin mayafina, na aika wa Manaja kayarsa, na ce a gaida Mista Robat da karnukansa. Na ɗora kaskon awara.