Garin da Ake Kira Babu Kuza

Wankin tukwane a gidan abincin 'yan Sin wahala ce, ba wani abu ba. Na yi shi a Manchester, na dawo Birmingham na ci gaba, har fatar hannuna ta tsage. Ni ban yi boko ba, abin da na samu ke nan.

A lokacin Yaya ya matsa mini da waya daga Bukuru. Wasu baƙi na son gonar mahaifinmu su haƙa kuza, kuma rabin gonar nawa ne, ba za a ba su ba sai na yarda. Babanmu a ramin kuza ya ƙare ƙarfinsa. Ƙanenmu kuma a wani tsohon rami da ya cika da ruwa ya nutse. Na kasa cewa e, na kasa cewa a'a.

Akwai wani tsoho ɗan Sin mai dafa abinci a wurin aikinmu, ba ya son magana. Ran nan da la'asar muna hutu a bayan kicin, kusa da kwandon shara, ya ce da ni cikin Turancinsa irin nawa, “Kai, fuskarka kamar wanda ya ci duka.”

Na gaya masa. Ya yi dariya har da tari.

“Ka san sunan garinmu? Wuxi. Ma'anarsa babu kuza.”

Na ce wane irin mutane ne za su raɗa wa garinsu sunan tsiya?

Ya ce yadda kakanni suka ba su labari, da can sunan garin Akwai Kuza. Aka yi ta haƙa, aka yi ta kashe juna a kan dutsen da kuzar take. Da ta ƙare sai kowa ya watse, garin ya samu lafiya, suka sauya suna don murna. Ya ce masu ilimi na musanta labarin, shi dai haka ya ji.

“Ku taku ba ta ƙare ba?”

Na ce da saura.

“To, sannunku,” in ji shi, ya koma kan wuta.

A bas ɗin Stratford Road ban ga komai ba sai ruwan ramin nan, kore, shiru.

Da safe na kira Yaya na ce ban yarda ba. Ya ce, “Malam, kana Ingila kana ba mu doka? Ai motocin haƙa sun shiga gonar tun makon jiya.” Na kashe wayar, na shafa man hannu, na fita jiran bas.