Zagaye Goma Kafin a Taɓa Ƙwallo

Har yau idan na ji an ce wa yaro "kai baiwa gare ka," sai raina ya ɓaci. Wannan maganar ce ta cinye ɗan yayana ina ji ina gani.

Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, kusa da Malumfashi, bayan la'asar kuma ni ke tara yara a filin makaranta mu yi atisaye. Ba wanda ya naɗa ni koci, usur kawai na saya. A cikin yaran akwai ɗan yayana, mai shekara goma sha biyar. Ban taɓa ganin ƙafar hagu irin tasa ba. Sai ya yanke mutum uku kamar mai tsallake kunyar gona, ya ajiye ƙwallo inda gola ba zai kai ba, ya juyo yana murmushi. Burinsa ɗaya ne, wata ƙungiya ta birni ta ɗauke shi. Ni ma burina ke nan.

Akwai kuma ɗan mai facin bakin tasha. Shi kam ba abin da yake da shi sai naci. A ba shi ƙwallo, sai ta tsere masa. Amma kullum bayan sallar asuba sai ya yi gudu har gonar babansa ya dawo, mutane na tsokanarsa suna tambayar wa ya biyo shi.

A wajenmu, da an cire masara an kai gida sai ƙauyuka su fara gasar rago, wato gasar ƙwallo da ake ba garin da ya ci kyautar rago. Kowane gari na son ragon nan, shi ya sa ake aron ɗan wasa. A zo da babur a ɗauki yaro, a sa masa rigar garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Haka aka dinga yi da ɗan yayana, yau Ƙarfi, jibi Gozaki, har Mahuta an kai shi. Masu wayon banza, ba sa sa shi tun farko. Sai an kusa tashi, ƙartin masu gemu sun gaji suna haki, sannan a sako shi. Ya ci ɗaya ko biyu, a ɗaga shi sama, a cika shi da tsire da lemo. Bai taɓa buga wasa daga farko har ƙarshe ba, kuma ba wanda abin ya dama tunda rago ya zo.

Na sami yayana a ƙofar gida yana gyaran buhuna.

"Yaya, yaron nan ba ya zuwa atisaye. Ana lalata shi."

"Malam ke nan," in ji shi, yana dariya. "Atisaye ai na wanda bai iya ba ne. Abin da Allah ya ba shi, kai za ka ƙara masa da usur ɗinka?"

"Numfashi gare shi kaɗan, Yaya."

"To ɗan mai faci yana da numfashi. Guda nawa ya ci bana?"

Mutanen da ke zaune a wurin suka fashe da dariya. Na juya na tafi cike da haushi. Manoma ne fa waɗannan, ba mai zuba iri mai kyau ya ƙi yi masa noma, amma da aka zo kan yaro duk sun manta.

Bayan 'yan makonni muka ji wasu sun zo Funtua daga birni suna tantance yara. Na ɗauke su su biyun a babur ɗina, ɗan yayana a tsakiya, ɗan mai faci a can baya. Gaskiya don ya raka mu na tafi da shi.

Muka tarar da yara cike da fili, ƙwallaye kuma a ɗaure cikin raga. Wani mutum mai furfura ya ce kowa ya yi layi, zagaye goma, wanda ya gama shi zai taɓa ƙwallo. A zagaye na huɗu ɗan yayana ya fara riƙe ciki, a na shida ya durƙusa yana amai. Na ruga wajen mutumin ina roƙo.

"Ranka ya daɗe, minti biyar kawai. A ba shi ƙwallo ka ga ƙafarsa."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce irin wannan ƙafar ya gan ta a kowane gari, shi mai ɗaukar ta zuwa ƙarshen wasa yake nema. Ɗan mai faci ya gama zagayensa, ya buga wasansa na ba yabo ba fallasa, aka rubuta sunansa, aka ce ya kwana a Funtua.

Mu biyu muka kamo hanyar gida. Ina tuƙi ina zage-zage, na tsine wa gasar rago, na tsine wa masu aro, na ce yau sai ubansa ya ji daga bakina. Da muka yi nisa, sai yaron ya matso kusa da kunnena.

"Baffa, ranar da nake zuwa atisaye ma ai cewa kake in zauna a inuwa har su gama gudu."

Haka nake yi. Ina tsoron ya yi fushi ya daina zuwa, mu rasa mai ci mana. Na tsayar da babur a gefen titi kamar zan duba taya, na daɗe a tsugune ban iya ɗagowa na kalle shi ba.