Matar da ke tafiya da ƙofar murhu

A garinmu Ouse, babu gidan da Noeline Triffitt ba ta hau rufinsa ba. Shekara talatin tana share bututun hayaƙi, gajeriya ce, bakinta kuma ba ya da linzami. Kayan aikin da ta fi ji da shi wani ɗan madubi ne. Takan durƙusa ta zura shi cikin murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki ta duba sama ta cikin bututun. In ta hango sararin samaniya, shi ke nan. In ba ta hango ba, sai ta kwance ƙofar murhun ta jefa a mota, don kada a hura wuta kafin ta dawo.

Babana Kelvin tsohon mai askin tumaki ne, taurin kai kuwa kamar ya gada. Abin alfaharinsa shi ne wutarsa ba ta mutuwa daga Afrilu har Oktoba, wato duk tsawon lokacin sanyi a wajenmu. Ɗanyen itace yake cusawa, ya toshe iska, wutar ta yi ta cin kanta a hankali. Da ciwon kai ya dame shi a tsakiyar sanyin Yuli, na zargi hayaƙi, na kira Noeline a ɓoye, na kashe wutar da hannuna.

Ta duba madubi, ta jawo sukundireba ta fara kwance ƙofar murhun.

"Ke ɓarauniya, ajiye min ƙofata!" in ji Baba. "Tun kina yawo ba takalmi nake hura wuta."

"Shi ya sa ƙwaƙwalwarka ta dahu, tsoho. Je ka kwana gidan 'yarka. Ni ban da baƙar rigar zuwa jana'iza."

Ya zage ta tas, ya kwana gidana yana mita.

Washegari ta sauke bututun. Kunkunniya ta daskare a ciki, hanyar da ta rage ko babban yatsa ba zai shiga ba. Sannan ta sauko daga cikin rufi da guntun katako, ta ajiye masa a tafin hannu. Ya zama gawayi. Wanda ya kafa bututun ya manna shi da katakon, bai bar tazara ba, kuma daidai saman gadon Baba ne. Saura kaɗan rufin ya kama da wuta, har yau ina jin tsoron nan.

Baba bai gode mata ba, ba halinsa ba ne. Amma duk Afrilu shi da kansa yake kwance ƙofar ya kai mata gida, ba ya hura wuta sai ta zo ta duba bututun.

Bara Noeline ta rasu. Ɗanta ya kawo mana madubin, wai ita ta ce a ba tsohon. Bana na tarar da Baba zaune cikin bargo biyu, ƙofar murhu jingine da bango. Gwiwarsa ba ta durƙusuwa yanzu. Ya miƙo min madubin.

"Durƙusa ki duba," ya ce. "In ba ki ga sama ba, kada ki yi min ƙarya. Ita ba ta taɓa yi ba."